Shekarar da Harshen Umma Ya Mutu

Umma,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya, ƙafar kuma ta yi sauƙi. A gaishe min da su Yaya.

Umma, na yi ɓarna da hannuna, na rasa yadda zan gyara. Kin san bana ni aka ba darasin abinci da gina jiki a ajin 'yan shekara goma sha biyar. Na zage damtse na koya musu abin da ke gina jiki, da mai ba da ƙarfi, da mai kare cuta. Har sikeli na kawo aji, na nuna musu yadda ake lissafa abin da kowane cokalin shinkafa ko mai yake ƙara wa jiki. Ina ta hura hanci, wai ni malama.

Akwai wata yarinya da nake kira Ɗari-bisa-ɗari, don ba ta taɓa kuskure tambaya ko ɗaya ba. Ranar Talata ta yanke jiki ta faɗi a gaban allo. Da na ɗaga ta, wallahi kamar kujerar roba na ɗaga. A jakarta na ga littafinta. Duk lissafin da na koya mata ta juya shi, kullum tana rage abin da za ta ci. Ashe tun bara 'yan aji suke tsokanarta da ƙiba. Iyayenta sun kai ta wurin likita, ya ce in ba ta fara ci ba nan da mako biyu, sai an kwantar da ita. Har yanzu ruwa da rabin lemo ne abincinta.

Na san ni ma na yi irin wannan haukan a shekarunta, amma na manta yadda aka yi na daina. Ke kin tuna?

Na bar ki lafiya,
Autarki

Auta,

Wa alaikumus salam. Ƙafa da sauƙi, in ban da hawa matakala.

Wai ko na tuna! Duk karatun nan naki, ashe har yau ba ki gano ba.

Kin tuna shekarar da harshena ya mutu, na daina jin ɗanɗano? To, bai mutu ba. Lafiyarsa ƙalau. Na yi miki faɗa, na yi lallashi, na yi kuka, kin ƙi ci. Sai na lura ke yarinya ce mai tausayi, ga son gyara wa mutane kuskure. Na fara ɓata girki da gangan, yau gishiri ya yi yawa, gobe babu ko ƙwaya. Na ce miki ba na jin komai a bakina, ki zo ki ɗanɗana min kada in kashe babanku. Cokali ɗaya a miya, ɗaya a wake, ki ce a ƙara kaza, in ƙara, ki sake ɗanɗanawa. Ni kuma ina ƙirgawa a zuci. Ranar farko cokali huɗu ne. Da aka yi wata biyu, a tsaye gaban tukunya kike cin faranti guda ba ki sani ba.

Wata bakwai muka yi a haka. Babanku, Allah ya jiƙansa, da shi aka ƙulla. Duk ranar da kika ƙi zuwa, ya sha miyar da ko akuya ba za ta sha ba, yana ɗaga murya, "Matar nan ta gama da mu!" don ki ji ki taso.

Ni ban san darasinki ba. Abin da na sani, mai tsoron abinci ba a cika masa faranti a zauna ana kallonsa.

Allah ya ba yarinyar lafiya.
Ummanki

Umma,

Barka da war haka. A tsaye na karanta wasiƙarki, sau uku. Shekara ashirin! Ni da nake ba ɗalibai labarinki a matsayin misalin masu rasa ɗanɗano, har da bayanin sinadarin da jikinki ya rasa. Har magani na taɓa saya miki, kika karɓa kika sa min albarka. Umma, ina kika kai shi? Na tuna ki kina hura cokali kina miƙo min. Ban san an taɓa so na haka ba.

Ban gwada wa yarinyar dabararki ba, ta fi ni wayo. Na mayar da sikeli ofis, na roƙi mai dafa abincin makaranta ta ara mana kicin. Ni da 'yan ajin muka dafa shinkafa da wake da alayyahu da ƙwai, ba lissafi. Suna yanka albasa na ba su labarinki, har da cewa ni ce yarinyar. Suka yi ta dariyar Baba. Ɗari-bisa-ɗari kam ba ta yi ba.

Da aka watse sai ta tsaya. Ta ce, "Malama, mamata ta ce hannunta na ciwo. Wata biyu ke nan ni nake juya mata tukunya, ni nake ɗanɗanawa in ta matsa." Sannan ta ce, "Jiya na ga ta ɗauki bokiti cike da ruwa da hannun."

Ta ɗauki ƙwai ta ɓare, ta daɗe tana kallonsa. Ta ci rabi. Saura kwana biyar likita ya sake auna ta.

A taya mu da addu'a,
Autarki

Auta,

Sannunki. Maganin na ba maƙwabciya.

Rabin ƙwai ba kaɗan ba ne, amma kada ki yi mata tafi. Gobe tana iya ƙi. Ke ma kin sha ƙi, in shiga banɗaki in yi kukana, in fito in ɗora tukunya.

Kin tona wa uwar yarinyar, baiwar Allah, asiri, sai ki je gidan ki ba ta haƙuri. Ki riƙe mata hannun nan, ki ce mata ba ita kaɗai ba ce, ki ce ina gaishe ta.

Allah ya yi miki albarka.
Ummanki