Ruolan a Rigar Peru

Lima, watan Mayu

Zuwa ga Yayana Jiancheng,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Yaya ƙafar Mama? Yaya Baba da tarin nan nasa? Ni ma lafiya lau, sai kewarku.

Yaya, magana ta ƙare. Na yi rantsuwa a gaban tutar Peru, sun ba ni fasfonsu, na gida kuwa ya tashi aiki, tunda ƙasarmu ta Sin ba ta yarda mutum ya riƙe biyu ba. Daga yanzu da sunan Peru zan riƙa buga wasanmu na badminton, mai ƙwallon gashin tsuntsu. Da na kira Baba in gaya masa, cewa ya yi, "Tun kina 'yar mitsitsiya nake goya ki a keke zuwa makarantar wasanni. Don ki sa rigar ƙasarki na yi, ba rigar baƙi ba." Ya kashe wayar.

To amma ya zan yi? Shekara nawa na yi a ƙungiyar lardinmu na Hunan ina jiran a kira ni Beijing, in shiga ƙungiyar ƙasa? Ƙannen bayana suka zo suka wuce ni. A ƙarshe aka ce in zauna in riƙa taya manyan 'yan wasa atisaye. Wato in zama bango, a bugo in mayar, har tsufa ya same ni.

Garin nan kullum sama a lulluɓe take, ba rana, ba ruwa. Kocina, Wilmer, mutumin kirki ne, sai dai sunana ya gagare shi, Chinita kawai yake ce mini, wato 'yar Sin. Ya kai ni gidan abincin 'yan Sin don in ji kamar ina gida. Yaya, barkononsu ko atishawa ba ya sa mutum. Na cinye, na yi godiya.

Ka lallaɓa mini Baba. Ka gaishe da Mama.

Ƙanwarka,
Ruolan

Guangzhou, watan Satumba

Yayana,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan kowa lafiya. Na ga saƙonka cewa kada in ƙaraso gida, Baba bai huce ba. Shekara biyu ke nan fa. Na ji, ba zan zo ba, ko da yake jirgin ƙasa ɗaya ne tsakanina da ku.

Kafin in zo gasar nan sai da na bi layi na nemi biza. A takardar akwai wurin da aka ce in faɗi dalilin ziyara. Na daɗe riƙe da biro.

A zagayen farko aka haɗa ni da wata yarinya 'yar ƙungiyar ƙasa, doguwa, mai zafin hannu. Zauren ya cika, kowa sunanta yake kira, da harshen da nake mafarki da shi. Ta cinye ni a turmin farko. Daga nan na fara ja mata ƙwallo baya, in sauke mata a bakin raga, har numfashinta ya ƙare. Na ci wasan, Yaya. Abin da na kwana ina fata tun ina yarinya ke nan, in yi nasara a irin wannan zaure. Sai wurin ya yi tsit. Wani dattijo ya miƙe daga sama ya ce, "Ke! Da shinkafar wa aka raine ki?" Wasu suka yi dariya.

Wilmer ya rungume ni yana tsalle, yana tambaya, "Me tsohon nan ya ce?" Na ce masa taya ni murna yake yi.

Na duba kujerun da na tanadar muku, wata mata ce ta ɗora jakarta a kai. Washegari aka fitar da ni daga gasar, ban ma san yadda na buga ba. Duk da haka makina ya ƙaru. In na ci gaba a haka zan samu gurbin Olamfik. Wataƙila in Baba ya gan ni a can, ya manta da launin rigar.

Ka gaishe da Mama, ka ce na rame ne saboda atisaye kawai.

Taka,
Ruolan

Lima, watan Afrilu

Yaya Jiancheng,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya ƙoƙari da jinyar Baba? Sannunku, kai da matarka. Ka yi haƙuri da shiruna, kwance nake.

A Santo Domingo abin ya faru, a gasar da in na kai wasan ƙarshe gurbin ya zama nawa. Ina kan gaba. Na yi tsalle na doki ƙwallo, da na sauko sai gwiwar hagu ta yi ƙara kamar an karya ɗanyen rake. An yi mini tiyata. Likita ta ce jijiyar ta tsinke, tafiya zan yi, amma in cire tsalle daga raina. Hukumar wasan ta aiko da furanni. Wilmer yana zuwa duba ni, sai dai yanzu hirarsa duk ta wata yarinya ce, Milagros, da yake horarwa. Ban ga laifinsa ba.

Da ka rubuto cewa Baba ya fara rikicewa, yana neman takalminsa alhali yana sanye da shi, ban yarda ba. Jiya na kira Mama ta bidiyo lokacin kana wurin aiki, ta miƙa masa wayar. Na ɓoye sandunan da nake dogarawa. Ya ƙura mini ido, sai fuskarsa ta washe, irin yadda ban gani ba tun kafin in bar gida.

Ya kira ni da sunana na yarinta, ya ce, "Lanlan! Kin ci abinci? Kocin nan yana wahalar da ke ko?"

Na ce, "Na ci, Baba."

Ya matso da bakinsa kusa da wayar, kamar mai gudun maƙwabta su ji. "To, mutanen Beijing fa? Sun ɗauke ki?"

Mama tana bayansa tana girgiza mini kai, ban san me take nufi ba, in faɗa ko kada in faɗa. Na ce, "Sun ɗauke ni, Baba."

Ya buga cinya ya ce, "Ai na gaya musu!" Ya ce Mama ta yanka agwagwa, a kira ka, a kira kowa. Yana dariya har tari ya sarƙe shi.

Yaya, ya yafe mini, amma ba ni ya yafe wa ba, wata yarinya ce da ba ta taɓa barin Hunan ba. Roƙona gare ka, kada kowa ya gyara masa. Ku yanka agwagwar. Da zarar ƙafar ta ɗauke ni zan nemi biza in zo, ko da a lokacin bai gane ko wace ce ta shigo ba.

Ka rungume mini Mama.

Ƙanwarka mai kewarku,
Ruolan