An Ari Bakina a Gaban Alƙali, Baffa

Assalamu alaikum wa rahmatullahi, Baffa.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da ladabi da biyayya, ina fata kana cikin rahamar Ubangiji, an yalwata maka makwanci. Inna tana nan lafiya, sai dai ƙafar nan da ke damunta. Dawa ta yi kyau bana, mun kai ta rumbu. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san a aji huɗu na tsaya. Na san takarda ba ta isa inda kake. Aikawa zan yi a buga ta, mutanen Karaye da Rogo su karanta, amma na rasa wanda zan fuskanta da wannan magana in ba kai ba.

Baffa, Sabi'u ya zama alƙali.

Sabi'un da ka sani dai, mai awon gyaɗa a kasuwar Rogo, wanda mata suke cewa gindin mudunsa ya sha guduma. Bayan rasuwarka da aka buga gangar siyasa, sai ya ajiye mudu ya ɗauki lasifika. Mutanensa suka ci zaɓe. Wani babba a jam'iyya ya ba shi takarda ya tafi birni, ya yi 'yan watanni can, ya dawo da rawani da takardar naɗi. Ranar da na gan shi a kan kujerar kotun yankinmu, sai da na fita waje na sake karanta allon ƙofa, ko dai ɓatan kai na yi.

Masu karanta wannan ba duka suka san aikinka ba, bari in faɗa musu a gabanka. Kai ne mai tazkiyya na tsohon alƙali, marigayi Malam Buhari. In an kawo shaidu, ba ya karɓar maganarsu sai ya tambaye ka a asirce: wane adali ne? Yana salla? Ana jin ƙarya a bakinsa? Abin da ka faɗa, daga kai sai shi sai Allah.

Ina tuna yadda masinja yake jingine kekensa a ƙofar gida, ku gaisa, ya juya. Ka sa farar rigarka ka bi bayansa. In ka dawo Inna ta ce, "Yau kuma wa aka wanke, wa aka shanya?" Sai ka ce, "Kawo mini fura, bakin mai tazkiyya rijiya ne, abin da ya faɗa ciki ba ya fitowa." Har ka koma ga Allah ba mu taɓa jin sunan mutum ɗaya ba.

Kai ka ba ni labarin yadda aka naɗa Malam Buhari. Malamai suka zaunar da shi suka yi ta buɗe masa littattafai, sannan aka aika unguwarsu aka tambayi maƙwabtansa, har da mahaucin da yake saye a wurinsa. Ban ce na da mala'iku ne ba; kai da kanka ka ce akwai waɗanda suke karkata in hakimi ya yi tari. Amma ko mai karkatar yana yi ne yana jin kunya, don ya san littafin da ya saɓa wa. Wanda takardar ɗan siyasa ta ɗora, wa zai ji wa kunya? Mai takardar kawai yake tsoro.

To ga abin da ya faru.

Zaɓen bana layi aka yi, kowa ya tsaya a bayan hoton wanda yake so, rana tsaka, ido na ganin ido. Malam Iro na Yammedi, maƙwabcinmu na fadama, ya tsaya a layin da bai yi nasara ba. Ba a jima ba ƙanen shugaban jam'iyya na mazaɓa ya kai ƙara, wai fadamar ta kakansa ce. Fadamar da kuka yi ta raba iyaka da Malam Iro tun ina goye. Malam Iro ya kawo shaidu biyu: Liman Ado, da Ja'e Bafulatanin da yake sauka da shanunsa a wurin duk rani.

Sai ga masinja a ƙofarmu, yanzu a kan babur. Alƙali yana kira.

Na sa rigarka, Baffa, ban san me ya sa ba. Na same shi a ofishinsa, ya sa aka kawo mini lemo. Ya ce, "Habu, gidanku gidan amana ne, kai za ka gaji Baffanka." Ya yi dariya ya ƙara da cewa, "Ka san tsohon nan ya taɓa zubar mini da shaida? Ba wanda ya gaya mini, amma na gane. Ga shi yau ni nake tambayar ɗansa." Sannan ya tambaye ni halin Liman Ado da Ja'e, yana wasa da biro, yana cewa in yi tunani da kyau don ni ma ina da gona a wajen.

Na ce a ba ni kwana uku. Ba don ban san amsa ba, sai don ka ce kada mutum ya wanke ko ɗan'uwansa bai bincika ba. Na je Yammedi na zauna da mutane, na je ruga na sha nono. Na koma na ce masa: ranka ya daɗe, duka biyun adalai ne, ban ji abin zargi a kansu ba. Ya gyaɗa kai, ya yi rubutu, ya ce Allah Ya yi albarka.

Ranar yanke hukunci ina zaune a benci na baya. Ya buɗe takarda ya karanta cewa kotu ta bincika a asirce wurin ɗan gidan marigayi Malam Haruna, wato ni ɗanka, kuma an tabbatar mata shaidun nan biyu ba abin dogaro ba ne. Ya ba ƙanen shugaba fadama.

Baffa, Liman Ado, wanda ya yi maka salla, ya waiwayo ya dube ni. Ja'e ya ɗauki sandarsa ya ce, "Ashe kuka tana haifar ƙaya," ya fita. Na buɗe baki, ɗan sanda ya ce a yi shiru, kotu ce. Sai a hanya na gane abin da aka yi mini. Ba amsata yake so ba, shigata ofishinsa yake so mutane su gani. Ya san tazkiyya sirri ce, ya san ɗan gidanka ba zai yi magana ba.

Sati biyu ke nan ina juya abin. In na yi shiru na riƙe al'adarka, amma Malam Iro ya rasa abincin iyalinsa, an kuma maƙala wa liman ƙarya da sunanka. In na yi magana na karya abin da ka tsare duk rayuwarka. Inna ta ce, "Ubanku ya rufe baki ne don alƙalinsa yana faɗin gaskiya."

Don haka ga shi na faɗa, kowa ya ji: ni Habu na ce Liman Ado da Ja'e adalai ne. Abin da aka karanta a kotu ba daga bakina ya fito ba, kuma a shirye nake in dafa Alƙur'ani.

Malam Iro ya ɗaukaka ƙara zuwa birni. Da na je gidansa ya daɗe bai amsa sallamata ba, amma ya yarda in bi shi. An ce mini can ma ba a san wanda za a tarar a kujera ba, ko wa ya ɗora shi. Jiya kuma na tarar an kafa turaku a gefen gonarmu, ban san wanda ya kafa ba. Ban tuge su ba. Jibi za mu hau mota.

Ka yafe mini, Baffana. Na yi kewarka ƙwarai a kwanakin nan.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya haɗa ka da Malam Buhari a inuwar da babu zalunci. Allah Ya ba ƙasarmu alƙalai masu tsoronsa, ni kuma Ya tsayar mini da harshe ranar da za a tambaye ni. Amin.

Ɗanka mai yi maka addu'a kullum,
Habu, daga Kwanyawa.