Kyamarar da Na Haɗiye

Litinin, 5 ga Mayu

Yau ma jiri ya ɗebe ni a shago ina tsakiyar ɗaukar wani mutum hoton fasfo. Na ce masa ya ɗago kai, sai nawa kan ya tafi. Da na farfaɗo, shi ke yi min fifita da kwali. Tela maƙwabcina ya riga ni kai labarin gida. Bakinsa ya fi kekensa gudu.

Laraba, 7 ga Mayu

Asibiti. Jinina ya sake yin ƙasa, wai yana tsiyaya a wani wuri cikin cikina. Watan jiya sun zura min tiyo ta sama, sun zura ta ƙasa (wannan ba zan rubuta ba), ba su ga komai ba. Likita mai tabarau ta ce saura ƙaramin hanji, inda tiyo ba ya kaiwa. Akwai binciken da suke yi: mutum ya haɗiyi kyamara mai girman ƙwayar magani, ta yi ta ɗaukar hoto tana tafiya, sannan a gwada ko kwamfuta za ta gano inda jinin yake kamar yadda likita ke ganowa.

Na ce, "Likita, shekara talatin da biyu ina cin abinci da kyamara, ban taɓa zaton wata rana ita ce abincin ba." Ko murmushi ba ta yi ba. 'Yata Auta ta danƙa min biro a hannu, ta tsare ni da ido irin na uwarta. Na sa hannu.

Juma'a, 9 ga Mayu

Haka ciwon marigayi yayana ya fara. Jiri, sai rama. Wata bakwai ya yi. Ban ce wa kowa komai ba.

Talata, 13 ga Mayu

Ba abinci tun azahar, sai jarkar ruwan wanke ciki. Banɗaki sau goma sha ɗaya. Maman yara ta ce da na kai katifa can na huta.

Laraba, 14 ga Mayu

Na haɗiye ta. Kafin nan na ce a ba ni in duba. 'Yar mitsitsiya, har da fitilarta tana ƙiftawa. Na tambayi nas wane irin gilashi ne a gabanta, ta ce, "Baba, ruwa za ka kora." Suka ɗaura min ɗamara mai akwati a ƙugu, nan hotunan ke taruwa, awa takwas.

An nuna min cikina a allo na minti ɗaya. Gaskiya aikin bai yi ba. Haske ya yi yawa a gefe, komai a karkace. Da ni na ba mutum irin wannan hoton, da ya jefe ni da shi.

Na koma shago ina takawa kamar mai ɗauke da tiren ƙwai. Tela ya leƙo ya ce, "To yanzu in ka yi ƙarya suna gani?" Na ce hanji suke kallo, ba zuciya ba. Ya ce Allah Ya rufa min asiri. Wata mata ta zo hoto da jikarta, ta ga fitila na ƙiftawa a ƙarƙashin rigata, ta ja yarinyar suka fice ba sallama.

Alhamis, 15 ga Mayu

An karɓi ɗamarar tun jiya. Ita kyamarar an ce in sa ido, in tabbatar ta fita. Ba ta fita ba.

Juma'a, 16 ga Mayu

Shiru. Wa ya baza maganar, oho. Ƙanwata ta bugo daga gidan aurenta, ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Yaya, ta fito?" Mai kanti ma ya tambaya, a gaban mutane. Da furfurata, unguwa guda na jira na kamar mai naƙuda.

Asabar, 17 ga Mayu

Ta fito, ƙarfe bakwai saura. Alhamdulillahi. Na ɗan yi tunanin wanke ta in ajiye a kabad ɗin tsofaffin kyamarori. Maman yara ta ce, "Malam, in ta shigo gidan nan, ni zan fita." Na bar ta ta bi ruwa.

Talata, 27 ga Mayu

Sakamako. Hoto dubu hamsin da wani abu, a yini guda. Ni ko a shekarar da na fi samun aiki ban yi haka ba. Likita ta ce kwamfuta ta tsinto wuraren cikin minti kaɗan, ita kuwa ta yi sama da awa tana dubawa, kuma duk gyambo uku suka gani. Sai dai kwamfutar ta ƙara da na huɗu, da aka duba ashe ɓawon tumatir ne. Wannan ya yi min daɗi, ban san dalili ba.

Sai ta cire tabarau ta ce, "Baba, kana shan maganin ciwon jiki?" Maman yara ta yi caraf ta ce ai ko na ciwon kai ba na sha. Na kalli silin. Na kalli takalmina. Sannan na faɗa: ƙwayoyin suna cikin durowar shago, saboda bayana da ke ciwo wajen sunkuyo, huɗu a rana, shekara biyu.

Likita ta ce su ne suka ci hanjin. In na daina, na sha na ƙarin jini, zai warke, za a sake dubawa nan da wata uku. Na ji bakina ya ce, "Wato ba irin na yayana ba ne?" Ta ce a'a, ba ta ga alamarsa ba. Na nemi hankici na rasa. Maman yara ta miƙo min gefen mayafinta ba tare da ta kalle ni ba.

A hanyar komawa gida ta juyo ta dube ni. "Da wannan kake kwana a ranka, ni kuwa kake ba ni labarin Tela?" Faɗan durowa ta ce na gobe ne.

Laraba, 28 ga Mayu

Ta cika alkawari.

Litinin, 9 ga Yuni

Kwana biyu ina lura Tela na dafe ciki in ya tashi daga keke, wandonsa ma ya yi masa yawa, shi da ke gyara wa mutane. Ya ce iska ce kawai. Na ce to. Yau na rufe shago da hantsi na raka shi wajen mai tabarau. Ba wani abu ba ne, dama kasuwa ba ta motsi ranar Litinin. Muna kan benci ya yi ƙasa da murya ya ce, "Tsakaninka da Allah, da zafi?" Na ce ko kaɗan. Ban gaya masa na tiyon ba. Da aka kira shi ya miƙe ya tsaya yana kallona, sai na ɗauki hularsa na bi shi ciki.