Gaisuwar da Mushe Ya Soke

Zuwa ga Kawu Mailafiya a Matameye,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina iyali, yaya ƙafar Inna Habi? Ni lafiya lau nake a lakkwal, makarantar boko ta Yamai, kada ku damu.

Mushe, Nasaran da ke koya mana rubuta rahoto, ya ce mu rubuta wa kumandan, Baturen mulki, labarin wata rijiya da ta rufta. Na fara yadda kuka tarbiyyantar da ni: na gaida kumandan, na tambayi iyalinsa da dokinsa. Kafin in kai bakin rijiya, takarda ta cika. Mushe ya soke duka da jan alƙalami, ya hana ni abincin rana. Wai rahoto ba ya gaisuwa, sai abin da ya faru, da hujja, da abin yi. Kawu, a faɗo wa babba da zance ba ko sallama?

Amma na koya, ga nawa rahoton. Abin da ya faru, na rame. Hujja, wandona ya zame gaban Mushe. Abin yi, a aiko mini ƙuli-ƙuli.

Gaisuwar kumandan kuwa tana nan ba a taɓa ba. A ba Inna Habi, har da ta dokin.

Ɗanka,
Lawwali