Foldar Auta

Litinin, 2 ga Yuni

Rumbu ya cika. Haka nake kiran ɗan baƙin akwatin nan na ƙarƙashin talabijin, wanda kowace kwamfuta ta gidan nan take zuba wa kwafin kayanta da zarar ta kama wayfai. Ni na haɗa shi da hannuna, don haka ni yake yi wa kuka. Na duba, foldar 'yata Auta ce ta cinye fiye da rabi. Hotuna, hotuna, ba iyaka.

Yarinyar da na sha wahala na samo wa aikin ofis, ta ajiye ta rungumi kyamara. Ranar na ce kada ƙafarta ta sake taka mini falo. Ta kuwa ji magana, abin da ba ta taɓa yi ba. Tana can gidan yayarta, babbar 'yata. Asabar zan goge foldar.

Laraba, 4 ga Yuni

Mota ta ƙi tashi. Batir ne.

Alhamis, 5 ga Yuni

Na dawo da wuri, kaina yana sarawa. Ina kishingiɗe a doguwar kujera sai na ga koriyar wutar rumbu tana ƙiftawa. Ba ta yin haka sai ana zuba kaya, tawa kwamfutar kuwa tana cikin jaka a kashe. Na duba ta waya: ƙaramar kwamfutar Auta ce.

Na leƙa ɗakuna, har bayan ƙofa, sai ka ce wani gaula. Uwarta ta ce, "Me ka yar?" Can dai ta faɗa, tana yanka albasa ba ta ko dube ni ba: duk Alhamis Auta tana zuwa gidan Yaya ta yi aikinta. Mu da Yaya kuwa, wadda nake bi wa, katanga ɗaya ce. Ita kwamfuta ina ta san an yi faɗa, ta jiyo wayfan gida ta kama.

Kwafin bai je ko'ina ba ya yanke. Katangar tana da kauri.

Asabar, 7 ga Yuni

Ban goge ba. Na yini wurin bakanike.

Talata, 10 ga Yuni

Yaya ta shigo aron tsani, ta zauna kamar da ita aka gina gidan. Ba wanda ya tambaye ta, ta fara. Wai kwamfutar yarinyar da salatif aka ɗaure murfinta, tana zafi kamar dutsen guga, tana cikin aiki sai ta ɗauke. Kuma duk aikin mutane a ciki yake, hotunan ɗaliban wata makaranta da suka gama karatu, ƙarshen wata za ta miƙa. Na ce ba ruwana.

"Kai dai Dogo," in ji ta, "taurin kan Baba ka ɗauko, ka bar masa hankalin."

Na tambaye ta ko Auta ta san kayanta suna shigowa nan. Ta ce ita ba ta san wannan bokancin namu ba. Tsanin ma a nan ta manta shi.

Alhamis, 12 ga Yuni

Na bar ofis da wuri. Wutar ta ƙifta, ta tsaya, ta ƙifta, ta mutu. Ko da sigina ta yi ƙarfi ma, babu wurin zubawa. Ban buɗe foldar ba, ba halina ba ne.

Na jiyo dariyarta ta katanga. Tana nan yadda take, da wannan shaƙewar a ƙarshe. Abin ya dame ni, gaskiya.

Lahadi, 15 ga Yuni

Na goge wasannin ƙwallon da na tara shekara da shekaru. Dama ba kallo nake yi ba. Na kuma ja waya na mayar da na'urar wayfai kan tagar da ke kallon gidan Yaya. Uwarta ta tambaya, na ce zafi take yi a bayan talabijin. Ta ce, "Uhm." Na tsani wannan uhm ɗin nata.

Alhamis, 19 ga Yuni

Yau bai yanke ba. Wajen la'asar saura kaɗan, na ji ana jan kujera a can, alamar tashi. Na buga wa Yaya na ce ta ƙara wa yarinyar shayi, ta ja ta da surutu, kada ta bari ta rufe kwamfutar. Ta ce, "Surutu? Ai ka zo gidansa."

Ya kammala. Komai ya shigo.

Litinin, 23 ga Yuni

Kwamfutar Auta ta mutu jiya, murus. Mai gyara ya ce faifan ya ƙone, ko hoto ɗaya ba zai fita ba. Uwarta ce ta gaya mini, idonta jawur. Wai Auta tun jiya ba ta sa komai a bakinta ba, tana ta tunanin da wane ido za ta kalli iyayen yaran.

Na ƙarasa abincina. Sannan na ce kayanta suna ƙarƙashin talabijin, har na ranar Alhamis. Wannan karon ba ta ce uhm ba.

Talata, 24 ga Yuni

Yaya ta zo da sassafe, wai in juye a wani abu ta kai mata. Na ce ba ya yiwuwa, kayan sun yi yawa, sai mai su ta aro kwamfuta ta zo ta zauna a jona waya, kuma abin yana cin yini guda. Yaya ta ce, "A falon naka?" Na ce ai rumbun ba ya tafiya.

Gobe da hantsi za ta zo. Na ɗauki hutun kwana ɗaya, saboda dole wani ya nuna mata inda ake jona wayar. Na sauko da kujerarta daga kan kabad na goge.

Akwai faifan tafi-da-gidanka a durowata, sabo fil, zai ɗauke foldar duka har da saura. Ban ambata wa kowa ba.