Gara Ta Kama Lemon Inna

Assalamu alaikum, Yaya Hauwa.

Ina gajiya? Ya maigidan da yara, ya sanyin Jos? Mu nan Tsanyawa lafiya, sai dai hankalina a tashe yake.

Bishiyar lemon tsamin da marigayiya Inna ta dasa, gara ta cinye saiwarta. Na tone gindin, na zuba toka da ruwan ganyen darbejiya, amma ganyenta sai zuba yake. Da na ce a sare, Baba ya ce, "Sai bayan raina." Tun ranar ba ya cin abincin kirki, a gindinta yake wuni, ga babu inuwa.

Ki gaida yaran. Ki sa mu a addu'a, Yaya, don ba bishiyar nake tsoron rasawa ba.

Ƙanwarki, Rabi.