Tarin Luba a Shafin Gada

Lugbe, Abuja

Zuwa ga Yaya Hajjo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigida da yara. Allah ya ƙara miki sauƙin ƙafar nan, ya fitar da ku daminar Fatakwal lafiya. Mu nan alhamdu lillahi. Mijin marigayiya Luba, Abdulmajeed, ya koma ofis, ɗansu Zulkifilu ya koma makaranta, ni kuma kullum in na taso daga aiki sai na biya ta gidansu. Kin san ni da surutu a waya, amma wannan maganar duk sanda na ɗauko ta sai murya ta ƙi, shi ya sa na zauna rubutu.

Kin tuna littafin waƙen Turancin nan mai hoton kunkuru a kan keke, wanda Baba ya sayo mana muna yara? Ashe Luba ce ta yi gaba da shi gidan aure, mu muna ta zargin gara. Shi take karanta wa yaranta kullum bayan la'asar, har ciwon ƙirjin ya kwantar da ita. Bayan addu'ar arba'in, 'yar autarta Kauthar ta kawo shi ta ɗora mini a cinya. Na fara karantawa, ita da yayanta suna cika mini ƙarshen kowane baiti, yadda uwarsu ta sabar musu. Da muka zo shafin da kunkuru zai haye gada, kafin in buɗe baki sai Kauthar ta dafe ƙirji ta yi tari, ta ja numfashi, ta ce, "Ku yi haƙuri, 'yan albarka." Sannan ta ci gaba da waƙar.

Yaya, tarin Luba ne. Busasshen nan mai ɗan fito a ƙarshe, har da yadda take karkatar da kai. Zulkifilu ya ce a nan numfashin Mama yake ƙarewa kullum, saboda baitin dogo ne. Ita Kauthar, da shekarunta huɗu, ta ɗauka tarin ma a cikin littafin yake.

Ranar da Abdulmajeed ya jiyo tarin daga falo, da gudu ya shigo yana dube-dube, sannan ya tsaya a bakin ƙofa kamar wanda aka watsa wa ruwan sanyi. Ya ce a ɓoye littafin. Maƙwabciyarsu Rekiya kuma ta ce a kai yarinyar a yi mata ruƙiyya. Na kafe, na ce likita ya duba ƙirjinta lafiya lau, kada a raba marainiya da abin da ta saba. Na ci gardamar, amma ke zan gaya wa gaskiya, don kaina na yi. Kin san Luba ba ta aika saƙon murya, sai dai ta kira ki. Na bincike wayata kaf, babu ko sallamarta. Duk duniyar nan ba inda muryar ƙanwarmu ta rage sai a shafin nan. Har gudu nake yi a titin filin jirgi kada la'asar ta wuce ni, shafukan farko kuwa ban ma san me nake karantawa ba.

Jiya muka zo gada, na dakata kamar kullum. Kauthar ta ɗago ta dube ni ta ce, "Anti, ki karanta mana," ta juya shafin da kanta. Ba ta yi tarin ba. Da na gaya wa babanta hamdala ya yi, kuma shi ne da gaskiya, yarinya ta fara warkewa. Ni kuwa yau ma na dakata a wurin, na daɗe, har na ji maƙogwarona yana shirin yin tarin don ya tuna mata.

Ki gaishe mini da Yaya Nababa, da Sumayyah da Nazeer, da Goggo Asibi idan kun yi waya. Ki saka Luba a addu'a. Ni ma ki roƙa mini Allah ya ba ni ikon wuce shafin nan gobe ban tsaya ba.

Ƙanwarki,
Nazeefa